Kafin ka ce "Allah Ya ƙara", ka san gidan wa ya ƙone?

Wallahi jiya raina ya ɓaci. Wani bawan Allah ya sake ɗora hoton wata unguwa a Amurka da gobara ta mayar toka, ya rubuta wai Allah Ya ƙara, ai attajiran Hollywood ne, gobe za su gina waɗanda suka fi su. Jama'a suka yi ta danna masa alamar dariya. Na duba hoton da kyau, Altadena ce, wani gari a yankin Los Anjeles. Ko sunan garin bai sani ba, amma har ya gama yanke wa mutanensa hukunci.

Manyan gobara biyu ne suka tashi a yankin Los Anjeles ranar 7 ga Janairun 2025, iskar Santa Ana na hura su. Ta Palisades ita ce ta cinye gidajen 'yan fim na kusa da teku, ita gidajen talabijin suka fi nunawa. Ta Eaton kuwa Altadena ta faɗa wa, ta lashe gine-gine sama da 9,000, ta kashe mutum 19. Ta fi waccan ɓarna, ta fi ta ɗaukar rai.

To su wa ke zaune a Altadena? Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, ma'aikatan gidan waya, direbobin bas, 'yan fansho. Kafin gobarar gari ne mai mutum dubu arba'in da 'yan kai, kuma zamansu a wurin yana da dalili. Shekara da shekaru bankuna da dillalai sun hana baƙar fata sayen gida a galibin unguwannin yankin. A taswira ake zagaye unguwarsu da jan layi, a ce ba a ba da bashi a nan. Da abin ya fara sassautawa, musamman bayan dokar 1968 da ta haramta wariya a cinikin gida, yammacin titin Lake da ke Altadena na cikin wuraren da suka samu suka saya. A 1980 baƙar fata sun kai kashi 43 cikin ɗari na garin. Kafin gobarar sun ragu zuwa wajen kashi 18, amma kusan takwas cikin goma na iyalansu a gidan kansu suke, abin da da wuya ka gani a Amurka. Gidan nan shi ne duk abin da suka tara. Kaka ta biya bashinsa shekara talatin, 'ya'ya suka tashi a ciki, jikoki na jiran gado. Wannan gidan ne kake yi wa dariya.

Na san za a ce ai gida ɗaya a can ya kai dala miliyan. Haka ne, a takarda. Wanda ya gaji gida a tsakiyar birni yana zaune da kuɗin fansho, attajiri ne? Bango ake ci? Wani zai ce akwai inshora. Ku bar wannan maganar. Da yawa abin da aka rubuta musu bai isa sake gini a farashin yau ba, wasu ma ba su da ita sam, kuma wanda banki ke bi bashi sai ya ci gaba da biya ko da toka ce ta rage. Wuta ba ta gama hucewa ba 'yan kasuwar filaye suka fara kiran waya, shi ya sa mutanen garin suka kafa alluna cewa Altadena ba ta sayarwa ba ce. Ɗan shekara saba'in da ya sayar ya tafi, yaushe zai dawo?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mamatan. Kusan dukansu a yammacin titin Lake suke, ɓangaren da baƙar fata suka fi yawa. An ce wa mutanen gabas su fice tun farkon dare, na yamma kuwa saƙon bai iso musu ba sai bayan ƙarfe uku na dare. Galibinsu tsofaffi ne, da masu lalurar da ba za su iya gudu ba. Akwai dattijon da aka tsinci gawarsa da tiyon ruwa a hannu, yana ƙoƙarin kare gidan iyayensa. Tsakaninka da Allah, wannan ne mai kuɗin naka?

Masu cewa azaba ce aka saukar wa kafirai, ku ma ku ji. Masallacin Al-Taqwa, wanda Musulmi baƙar fata suka kafa a garin tun shekarun 1970, ya ƙone ƙurmus. Azumin shekarar a wurin aro ya same su. Masu cewa sakayyar Gaza ce, ni ma Gaza na yi mini ciwo, amma tsohuwar da ta rasa gidanta a Altadena ba ita ta aika bam ba.

Ko Palisades ɗin ma ba kowa ne attajiri ba. Unguwannin gidajen tirela, wato ƙananan gidajen da ake iya ja da mota, sun ƙone a can. Masu shara, masu raino da masu gyaran lambu, da yawansu 'yan Meziko da Amurka ta Tsakiya, sun wayi gari ba wurin aiki, ga kuɗin haya na jira.

Af, kun san fursunoni na cikin waɗanda suka kashe wutar? Sama da 900 aka fito da su daga gidajen yarin Kalifoniya, suna sare daji gab da wuta don tare ta, a lokacin ana biyansu tsakanin dala biyar da wani abu zuwa goma da 'yan kai a rana, da ƙarin dala ɗaya a kowace awa lokacin gobara. Tun da na ga hotonsu cikin kayan nan masu ruwan lemo, a jere a gefen dutse, na kasa manta shi.