Wa ke kai musu burodi da mai a daji?

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Daga zaman makoki na dawo, kuma har yanzu zuciyata ta ƙi kwanciya. Wani bawan Allah ne mai sayar da hatsi, 'yan bindiga suka shiga gidansa da tsakar dare suka tafi da shi. Dangi suka sayar da gona, suka sayar da shanun huɗa, aka haɗa kuɗin fansa aka kai, amma sai labarin rasuwarsa ya dawo. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, duk wanda ya zo sai ya yi addu'a, daga nan a hau tsine wa ɓarayin daji. Allah wadai, Allah ya isa, Allah ya tona musu asiri. Kowa na amin. Can sai wani dattijo da ke gefena ya matso, ya rage murya ya ce, "Malam, ai duk layin nan an san wanda ya nuna gidan. Ranar da marigayi ya sayar da wakensa a kasuwa, daren ranar suka zo." Na ce, "Baba, to an sanar da hukuma?" Ya kau da kai, ya ce, "Ɗan gidan mutunci ne fa. Da wane ido za mu kalli ubansa?"

Subhanallah. Muna roƙon Allah ya tona asiri, alhali asirin yana hannunmu, mu ne muka lulluɓe shi.

A kan wannan nake son mu yi magana, kuma ba da mutanen daji nake ba. Da mu nake, mu na cikin gari, masu sahun gaba a masallaci. Ku tambayi kanku tsakani da Allah: akwai gidan burodi a dajin Rugu? Akwai gidan mai a dajin Sububu ko Kuyambana? A can ake buga katin waya? A can ake haɗa ƙwayar da suke sha kafin su fito? Mutum ɗari a kan babura, kowane babur da cikakken tanki, kowa da waya mai caji, kowa ya ci ya ƙoshi. Wani ne ya auna man a jarka. Wani ne ya ɗaure buhun burodin a bayan babur ya shiga da shi. Wani ne ya ce musu wane ya sayar da shanu yau, wane ɗansa ya turo masa kuɗi daga Legas, sojoji sun bar shingen gada tun la'asar. Hausawa sun gama magana da suka ce da ɗan gari a kan ci gari.

Ba zargi ba ne kawai. Ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layin waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka hana safarar shanu a mota, sannan Katsina da Sakkwato da Kaduna su ma suka ɗauki irin waɗannan matakai a wasu ƙananan hukumominsu. Talaka ya sha wuya a lokacin, wannan gaskiya ne, kuma kowa na da ra'ayinsa a kan ko matakin ya biya. Amma me ya sa gwamnati ta nufi kasuwa da gidan mai da layin waya? Don ta san a nan igiyar rayuwar daji take. Bindigogin na iya ketowa ta kan iyaka, kamar yadda makamai suka bazu a yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Tuwon mai riƙe da bindigar kuwa ba daga Libiya yake zuwa ba, daga kasuwar garinmu yake fita.

Iyayenmu mata, da ku zan fara, don na san zafin ɗa a zuciyarku, kuma na san ba uwar da ke haihuwa da burin ɗanta ya zama sanadin zubar da jini. Amma Inna, yaron nan ba ya noma, ba ya zuwa kasuwa, ba ya koyon ɗinki ko kanikanci, barci yake har hantsi. Kwatsam ya shigo da sabon babur. Ya riƙe manyan wayoyi biyu, kuma in ɗaya ta yi ƙara sai ya tashi ya zagaya bayan ɗaki yana magana ƙasa-ƙasa. Ya kawo miki turmin atamfa da rabin buhun shinkafa, kika karɓa kika ce Allah ya yi albarka. Ba ki ce daga ina ba. Kin ji tsoron tambayar ne don zuciyarki ta riga ta ba ki amsa. Wallahi shinkafar nan, mai yiwuwa gonar wata uwa ce irinki da aka sayar don a fanso 'yarta. Kin dafa, kin ci, kin zuba wa jikokinki, sannan kin ɗaga hannu bayan sallah kina roƙon Allah ya kawo zaman lafiya. Wace irin addu'a ce za ta tashi daga cikin da aka cika da wannan?

Kai kuma Alhaji mai gida, da ka ga haka sai ka ce yaro ya fara neman na kansa. Wane nema? Da can in yaro ya shigo gida da kazar da ba a san asalinta ba, uba ba ya barci sai ya ji inda ta fito. Yau ana shigo da babur sabo fil a leda, uba na cewa a yanka rago a yi sadaka.

'Yan kasuwa, ku ma ku saurara. Kana sayar da burodi a ƙauyen da ka san adadin bakunan da ke cikinsa. Wani ya zo ya kwashe na gari guda, ya biya ba tayi, ya ɗaure ya nufi hanyar da ba kowa a cikinta sai daji. Ka ce kai dai ciniki ka yi. Mai shagon magani da ke miƙa kwalin tiramol ta ƙarƙashin kanta, shi ma ciniki ya yi. Dillalin da aka kawo wa saniya da asuba a kan rabin kuɗinta, ya ga shaidar da ke jikinta ba ta mai kawowa ba ce, ya yi shiru ya karɓi la'ada, shi ma ciniki. Mai POS da wani yaro mara sana'a ke zuwa wajensa yana cire maƙudan kuɗi, ya ƙirga ya miƙa ya cire cajinsa, shi ma ciniki. An sha jin yadda ake haɗa wa iyalai da sharaɗin sabbin babura da katin waya da kayan abinci a kan kuɗin fansa. Duk waɗannan a shagon wani ake saye, kuma sau da yawa mai shagon ya san inda za su. Allah ya hana mu taimakon juna a kan saɓo da ƙetare iyaka, wannan ko ɗan Islamiyya ya haddace. Ribar da ka ƙirga da daddare, wani ne ya biya ta da ransa.

Har ma da mu masu ba da aure. Yaro ya zo neman 'yarka da akwatuna jere, ba wanda ya san sana'arsa, sai a ce ai yana da rufin asiri. Malamai kuma, ku yi haƙuri, in irin wannan ya kawo gudummawar siminti ko fanka a masallaci, kafin a yi masa doguwar addu'a a lasifika a tambaye shi tukuna.

Bari in ware wasu, kada a ɗora musu laifin da ba nasu ba. Akwai ƙauyukan da aka sa wa haraji, sai sun biya kafin su yi shuka, sai sun sake biya kafin su girbe. Akwai wanda aka ɗora wa bindiga a ka aka ce ya je ya sayo, in bai dawo ba a kashe iyalinsa. Waɗannan abin tausayi ne, Allah ya san halin da suke ciki, Allah ya kawo musu mafita. Maganata a kan wanda ba a tilasta ba ce, wanda kwaɗayi ya kai shi, da mu da muka sani muka rufe baki don kunya ko don ana ɗan yaga mana.

Ku duba abin da aka riga aka gani. Ƙanƙara a Disambar 2020, aka sace ɗalibai sama da 300. Jangebe a Fabrairun 2021, 'yan mata 279. Tegina ita ma a 2021, ƙananan yaran Islamiyya da suka yi kusan wata uku a daji. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022. Ɗaliban Kuriga da aka kwashe a Maris na 2024. Sarkin Gobir na Gatawa, dattijo mai rawani, a hannunsu ya rasu a Agustan 2024. Unguwar Mantau a ƙasar Malumfashi, a Agustan 2025, mutane na cikin sallar asuba aka buɗe musu wuta. Ga dubban 'yan'uwanmu da suka tsallaka Jihar Maraɗi a Nijar suna gudun hijira, ga mata da yara da ke bara a titunan Gusau da Katsina, waɗanda shekarun baya su ke ba da zakkar hatsi. In makaranta ba ta tsira ba, masallaci bai tsira ba, rawani bai tsira ba, kai da ka yi shiru don yaron ɗan maƙwabcinka ne, me ka taka? Infoman da ka rufa wa asiri yau, in gidajen masu hali suka ƙare, naka zai nuna. Ya san lokacin da kake dawowa, ya san ɗakin da 'ya'yanka mata ke kwana.

Na san abin da za ku ce, kuma ban raina shi ba. Za ku ce tsoro. Za ku ce an sha kai rahoto, kafin mutum ya iso gida labari ya riga shi isa daji. Za ku ce an sha kama mutum yau, jibi a gan shi yana yawo a kasuwa yana harararka. Haka ne, kuma hukuma na da nata kason na laifi mai girma, za ta amsa a gaban Allah. Ban ce ka tsaya a dandali ka kira sunan kowa ba. Amma tsakanin shelar kasuwa da yin gum akwai hanyoyi. Uba na iya rufe ƙofa ya titsiye ɗansa tun abin bai yi nisa ba. Uwa na iya mayar da atamfar ta ce ba na so sai na san asalinta. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya girgiza wani yaron. Dattawan layi na iya haɗuwa su je wajen mahaifinsa tare, don kada a ce wane ne. Akwai mai unguwa, akwai dagaci da hakimi, akwai liman, akwai jami'in da aka jarraba aka ga yana riƙe amana. Mai shago na iya cewa kaya sun ƙare. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko da shi ne azzalumi, kuma ya bayyana cewa taimakonsa shi ne a riƙe hannunsa daga zaluncin. Ashe wanda ya rufa masa asiri bai ƙaunace shi ba.

Sai dai ina roƙonku da girman Allah, kada wani ya karanta wannan ya ɗauki gora ko adda. Tona asiri daban, ɗaukar doka a hannu daban. Mun ga abin da ya biyo baya a wuraren da wasu 'yan sa-kai suka riƙa tare mutum a kasuwa su yanka shi don kawai Bafulatani ne, ko don wani ya nuna shi da yatsa. Gaba ta ƙaru, ramuwa ta bi ramuwa, ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba suka biya. Makiyaya da yawa su ma an kwashe musu shanu, an kashe musu 'ya'ya. Kuma wanda ya ƙulla wa maƙwabcinsa sharrin infoma don rikicin gona ko kishin kasuwa, jinin na wuyansa kamar wanda ya harba. Ku 'yan banga da jami'an tsaron al'umma na Katsina da Askarawan Zamfara, Allah ya saka muku, da yawanku kun bar marayu a kan wannan aiki. Bindigar da ke hannunku amana ce. In kun kama, ku miƙa, kada ku zama alƙalai a bakin hanya.

Kai kuma ƙanena, kai da ke riƙe da waccan wayar ta biyu, na san mai yiwuwa kana karanta wannan. Nawa suke ba ka? Su kwashi miliyoyi, su jefo maka abin da ba zai kai ka wata ba. Kuma ka san yadda suke yi da ɗan aike ranar da suka fara zarginsa. Mutumin da ka nuna gidansa, wataƙila shi ya ba ka kuɗin makaranta wata rana, wataƙila ya halarci sunanka. Ba ka ɗana kunamar bindiga ba, amma ba za ka ce wa Allah ba ka nan ba. Ƙofar tuba ba ta rufe ba tukuna. Karya layin nan, ka je wajen malamin da ka yarda da shi ko wani babba a danginku, ka faɗa masa gaskiya, a nema maka hanyar fita tun kana da rai.

Iyaye, don Allah yau in an yi sallar isha'i, kowa ya kira ɗansa ya zaunar da shi. Ka tambaye shi sana'arsa, ka tambaye shi su wa ke kiransa da tsakar dare, ka tambaye shi kuɗin babur ɗin nan wa ya biya. Inna, ki tambaya. Ko zai yi fushi, ki tambaya.

Ya Allah ka kuɓutar da waɗanda ke hannunsu a daren nan, ka mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, ka jiƙan waɗanda aka kashe. Amin.