Kankare ba bushewa yake yi ba

Maganar nan ta ishe ni wallahi, ko jiya a unguwar Nima da ke Accra na ji wani bawan Allah yana cewa a bar dakin ɗin da aka zuba, wato rufin kankare, ya sha rana ya bushe da wuri, wai yayyafa masa ruwa ɓarna ce tunda ruwan ma saye muke daga tanka. Na gane dalilinsa, mun saba da ginin laka wanda rana ce ke ƙarfafa shi, to amma siminti ba haka yake ba. Haɗuwarsa da ruwa ce ke mayar da shi dutse, kuma a hankali aikin ke tafiya, in ruwan ya ƙafe da wuri sai aikin ya tsaya, saman ya tsattsage yana gari, balle lokacin hunturu. Shi ya sa injiniyoyi ke cewa a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, ƙarfin da suke lissafi da shi kuwa na kwana 28 ne. Gwada da bulo biyu kwaɓi ɗaya, ka shayar da ɗaya safe da yamma ka bar ɗaya a rana, bayan sati ka kankare gefensu da ƙusa. Amma fa bayan ya kama nake nufi, cika ruwa wajen kwaɓi raunana shi yake.