Ba Ruwan Sama Ne Ke Haifar da Cutar Shuka Ba

Yana damuna yadda mutane da yawa ke ɗora wa ruwan sama da raɓa alhakin cutar da ke kama amfanin gona. Suna da hujjarsu, domin sau da yawa sai an jera kwanaki ana ruwa ganye ke fara tabo yana ruɓewa. Sai dai ruwan hanya kawai yake share wa cutar.

Cuta ba ta kama shuka sai abubuwa uku sun haɗu: ƙwayar cutar, da shukar da ba ta iya jure mata, da yanayin da ya dace. Iska ko fantsamar ruwa ce ke kawo ƙwayar fangas, wato halitta dangin funfuna, kan ganye, kuma idan ganyen ya daɗe a jiƙe, sai ta tsiro da siririn zare wanda zai huda fatarsa ko ya bi ta ƙananan ƙofofin da shuka ke numfashi da su. Daga ciki take tsotse abincin shukar tana narkar da sassanta, kwanaki kan shuɗe kafin tabon ya bayyana. Bakteriya da bairos su ma nau'o'in ƙwayar cuta ne. Bakteriya ba sa iya hudawa, sai sun sami rauni ko ƙofa; bairos kuwa galibi ƙwari masu tsotsar ruwan shuka ne ke shigar da shi.

Da ruɓewar dankalin turawa ta afka wa ƙasar Ayalan a 1845, mutane da dama sun zargi damshin yanayi. A 1861 masanin tsirrai ɗan Jamus, Anton de Bary, ya nuna cewa wata halitta mai kama da fangas ce sanadi, kuma inda babu ita dankalin ba ya kamuwa da wannan cutar komai jiƙewarsa.