Katakon da Maman Abba ta aike ni

Maman Abba ce ta ja min. Ina shirin baro Tokyo bayan kwas ɗin da aka tura mu, ta kira ni a waya: "Baban Abba, ba turare nake so ba, ba jaka ba. Katakon yanka za ka sayo min, irin wanda masu yanka kifi na Japan ke aiki a kai. Babba, wanda zai ɗauki cinyar ragon layya." Na ce an gama. Mijin da aka ce ya sayo katako ai ya tsira da aljihunsa.

Aka kwatanta min Kappabashi, wani dogon titi tsakanin Asakusa da Ueno inda kayan kicin suka cika ko'ina: tukwane, wuƙaƙe, har da abincin roba da gidajen abinci ke jerawa a gilashi. Na sauka a tashar Tawaramachi, na hango ƙaton mutum-mutumin kan kuku da farar hularsa a saman wani bene, na san na iso.

Mai shagon da na shiga dattijo ne. Ya miƙo min ɗan katako, na girgiza kai. Ya ɗauko wanda ya fi shi, na ware hannuwana iya warewa. Da bebancin ya ishe mu, na rubuta a waya ta fassara masa cewa rago guda za a yanka a kai. Ban san me ta faɗa masa ba, amma nan take ya rusuna, ya fara kallona da girmamawa irin ta mai babban gidan abinci. Ya shige ciki, sai ga shi da yaronsa sun kinkimo abin su biyu: tsawo santimita 120, faɗi 45, kauri 6.

Itacen hinoki ne, wanda suke gina wuraren ibadarsu da bahon wanka da shi, yana wani ƙamshi mai daɗi da ya cika shagon. Dattijo ya shafa shi a hankali, ya shiga karanta min dokoki ta waya. Itacen yana da taushi don kada ya ci bakin wuƙa, domin wuƙaƙensu sirara ne masu taurin ƙarfe, ba wuya su ɓalle. A jiƙa shi da ruwa kafin a ɗora nama. A shanya shi a inuwa, rana na tsaga shi. Kuma faufau kada a sara ƙashi a kai. Na tuna ranar Kano, na tuna hunturu, na tuna gatarin mahaucin unguwarmu, na ce masa "hai, hai", wato "to, to" da Japananci. Mutumin da aka rusuna masa sau bakwai ba ya tambayar ragi. Na biya ina murmushi, cikina na kuka.

Jirgin ƙasa ya cika maƙil lokacin tashi daga aiki. Na rungume katako a tsaye. Duk juyin da na yi sai na maki wani, kuma wanda na maka ɗin shi ke ce min "sumimasen", wai shi ne mai ba da haƙuri. Wallahi gara a zage ni.

A filin jirgin Narita wata baiwar Allah ta zaro ma'auni, ta haɗa tsawo da faɗi da kauri, ta samu 171, alhali iyakar kaya 158 ce. Ita ma sai da ta rusuna kafin ta karɓe sauran kuɗin tsarabar yara.

Da na kwance shi a gida, Maman Abba ta zagaya shi, ta shinshina, ta ce, "Baban Abba, wannan ai ƙyauren ɗaki ne." Kicin ɗinmu bai ɗauke shi ba sai a karkace.

Ranar layya na fito da shi tsakar gida, na jiƙa shi, na tsaya ina yi wa mahauci bayanin dokoki ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Alhaji, to me ake yankawa a kai?" Ya aiki Abba ya mirgino tsohon kututturen da muka saba. Kafin a gama fiɗa Inna ta sa an ɗora katakon a kan bulo biyu a inuwa, ta zauna a kai tana rabon nama, tana cewa Allah ya yi min albarka, na san ƙafafunta ba sa son tabarma.