Rashin waranti kaɗai ba ya fitar da mutum daga kotu

Samari, akwai maganar da ke yawo a majalisu cewa muddin ɗan sanda ya caje ka ba tare da waranti (takardar izinin bincike daga kotu) ba, shari'a ta mutu. Wannan karatun Amurka ne. A Najeriya, sashe na 14 da na 15 na Dokar Shaida ta 2011 sun bai wa alƙali damar karɓar abin da aka gano ko da binciken bai bi ƙa'ida ba, sai in ya ga illar karɓar ta fi amfaninta. Tun a shari'ar Musa Sadau ta 1968 Kotun Ƙoli ta tafi a kan haka. Kuma sashe na 41 na dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ba jami'anta ikon shiga su bincika ba waranti. Wanda aka samu da ƙwaya da saninsa, sashe na 19 na wannan doka ya yanka masa shekara 15 zuwa 25.

To me lauya zai riƙa? Abin da ka yi a sa'ar farko.

Kada ka yi kokawa, kada ka gudu. Tambayi sunan jami'in da ofishinsa da dalilin cajin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta wajabta masa faɗa, ta kuma ce aski ko shigar mutum ba su isa dalilin zargi ba. In gida ne, nemi ganin warantin, ka duba adireshi da sa hannun alƙali. Dokar ACJA ta 2015, mai tsara yadda ake shari'ar laifuka, ta ce a yi binciken gaban shaidu biyu, mace ce ke cajin mace, matan kulle kuma a ba su sarari su kauce. Ka bi su ɗaki-ɗaki, idonka a kan hannuwansu. Duk abin da suka ɗauka a rubuta shi.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen takardu. A ofishin NDLEA ana gwada kayan, a auna, a rufe a leda, a miƙo maka fom. Dubi sikelin da idonka. In giram 200 ya nuna, kada ka dangwala yatsa a takardar da ta ce kilo 2. Lauya zai bi sawun ledar nan daga hannun wanda ya kama zuwa mai ajiyar kaya zuwa ɗakin gwaji. In aka sami giɓi ko nauyi ya sauya, shakku ya shiga, kuma shakku na wanda ake tuhuma ne.

Sashe na 35(2) na Tsarin Mulki ya ba ka ikon yin shiru har ka ga lauya. In ba ka da kuɗi, ka ce a kira Hukumar Legal Aid, mai ba marasa hali lauya kyauta. Ikirarin da aka tatsa da duka ana ƙalubalantarsa lokacin da aka miƙa shi ga alƙali; wanda ya bari aka karɓa ya makara. Saboda haka ka nuna wa lauyanka tabon tun da wuri.

Ku kuma masu Keke Napep da direbobin tasha, dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar kun san abin da ke cikin kwalin da kuka ɗauko, in ƙwaya ce kamar tramadol. Amma "saƙo ne aka ba ni" ba ta da nauyi in ba sunan mai saƙon, ba lambarsa, ba shaidar 'yan kamasho. A buɗe kwalin a gabanku kafin ya shiga but.