Makullai da yawa daban, zango daban

Wani ƙanena da ke koyon rubuta manhaja a Yaba ya same ni a Agege yana ƙorafi. Wai Memcached, manhajar da ke ajiye bayanai na wucin gadi don a ɗauko su da sauri, ya hana shi duk odar da ke tsakanin lamba 100 da 200, alhali jiya ya ɗauko makullai goma (sunayen da ake ajiye bayanai ƙarƙashinsu) a kira ɗaya. Masu koyo da yawa nan suke tuntuɓe, suna zaton aiki ɗaya ne.

Idan ka rubuta get, wato umarnin ɗauko bayani, ka jero makullai, kai ka san sunan kowanne. Abin da ka rage zirga-zirga ce kawai, kamar ka aiki ɗan dako a kasuwar Mile 12 sau ɗaya ya ɗauko buhu goma. Makullin da babu kuwa, shiru za ka ji a kansa, sai ka koma rumbun bayanai ka nemo shi.

Zango kuwa, wato neman duk abin da ke tsakanin lamba kaza da kaza, sai da jeri. Memcached lissafi yake yi wa sunan makulli ya jefa shi wani gurbi, 101 bai san maƙwabcinsa 102 ba, ƙila ma ba sa kan kwamfuta ɗaya. Ina zai fara ƙirga?

Ruɗanin yana da asali. Rumbun bayanai na MySQL 8.0 ya zo da ƙofar Memcached mai karɓar zango, amma abin da ke bayan ƙofar teburin InnoDB ne, wato teburin MySQL ɗin kansa, mai jerarrun makullai. Daga 8.0.22 ma aka fara shirin jingine ta, don haka na ce masa kada ya ɗora sabon aiki a kai, ya tambayi rumbun da BETWEEN, umarnin neman zango, ya ajiye amsar a Memcached ƙarƙashin makulli ɗaya.