Man macijin Amurka da kwalbar da ke ɓoye abin da ke cikinta

A shekarar 1917 hukumomin Amurka suka bayyana abin da suka gano a cikin wata kwalba da ta yi shekaru ana rububinta. Mai ita, Clark Stanley, ya yi suna da tallar man maciji, yana cewa yana warkar da sanyin ƙashi, ciwon baya, ciwon haƙori, targaɗe har da cizon dabbobi. Da aka kai kwalbar ɗakin gwaji, babu ko ɗigon man maciji a ciki. Man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur ne, da ɗan kitse da ake kyautata zaton na shanu ne, da barkono. Tarar da aka ci shi dala 20 ce kacal.

Stanley ɗaya ne cikin dubbai. A ƙarni na 19 Amurka da Ingila sun cika da irin waɗannan magunguna na sirri. Masu su kan yi wa suna da siffar kwalba rajista, amma ba sa kusantar rajistar haɗin, domin yin haka zai tilasta musu faɗin abin da suka zuba. Masu tallar Hamlin's Wizard Oil kan shiga gari da keken doki da mawaƙa, a tara jama'a da kiɗa, sannan a fito da kwalabe. Fiye da rabin abin da ke cikin kwalbar barasa ce. Mafi muni shi ne Mrs. Winslow's Soothing Syrup, wanda iyaye mata ke ba jarirai masu haƙori don su daina kuka. Suna dainawa kuwa, domin akwai sinadarin mofin a ciki, kuma jarirai da dama ba su farka daga wannan barci ba.

Me ya sa sanyin ƙashi ya fi kowace cuta kawo wa waɗannan mutane ciniki? Duk wanda ya zauna da tsoho mai ciwon gwiwa ya san amsar. Ciwo ne mai zuwa ya lafa. Da hunturu ya kama, tsohuwa sai ta dafa bango kafin ta miƙe daga sujada, yatsu su sandare ta kasa murɗe murfin kwalba. Bayan kwana biyu ya yi sauƙi da kansa. Mutum kuma ba ya neman magani sai ciwon ya kai maƙura, wato daidai lokacin da zai fara saukowa. Duk abin da ya sha ko ya shafa a ranar shi zai kwashe yabon. In aka haɗa da barkono mai ɗuma fata, ko barasa mai kashe jiki, mai saye zai rantse ya ji sauƙi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sauƙin ya ji, gaɓar dai tana nan tana lalacewa.

Akwai masu cewa ai duk maganin zamani daga irin waɗannan ya samo asali, don haka a daina raina na da. Akwai gaskiya a maganarsu, kuma ina girmama ta. A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya rubuta yadda ɓawon wata bishiya da ke fitowa a bakin rafi ke sauke zazzaɓi. Daga wannan layin bincike aka kai ga asfirin, wanda kamfanin Bayer ya fitar kasuwa a 1899, kuma masu ciwon gaɓoɓi na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa. Amma Stone ya faɗi sunan bishiyar, ya faɗi yadda ya busar da ɓawon ya daka, ya bar wasu su gwada su ƙaryata shi in za su iya. A nan ya rabu da Stanley. Ba ni da rigima da saiwa ko ganye, rigimata da ɓoyewa ce.

Abin da ya karya kasuwar a Amurka ma tilasta bayyanawa ne. A 1905 ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya yi jerin rahotanni a mujallar Collier's yana fallasa abin da ke cikin kwalaben ɗaya bayan ɗaya. A 1906 aka yi dokar da ta wajabta rubuta barasa, mofin, hodar ibilis da makamantansu a jikin kwalba. A Ingila ƙungiyar likitoci ta yi irin wannan aiki a 1909, ta gano shahararren ƙwayar Beecham's Pills haɗin tsiron alo ne da citta da sabulu. Dokar 1906 ba ta wadatar ba. Sai da wani ruwan magani ya kashe mutum fiye da 100 a 1937, sannan a 1938 aka wajabta tabbatar da cewa magani ba ya cutarwa kafin a sayar.

Gubar da ta yi wannan kisa ita ce ta kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin, a ƙarshen 2008 da farkon 2009. Shi ya sa ba na karanta labarin Amurka a matsayin tarihin wasu. Shiga tasha ko kasuwar ƙauye ranar ci, za ka tarar da mota da lasifika, jarkoki a jere kan buti, mai talla yana lissafo basir, sanyi, shawara, hawan jini da ciwon gaɓoɓi, duk a kwalba ɗaya ta ruwan roba da aka sake cikawa, babu takarda a jikinta. Ka tambaye shi abin da ke ciki, zai ce sirrin gado ne.

Masu ciwon gaɓoɓi su ne abin tausayi a nan, domin dabarar zamani ta fi ta Stanley haɗari. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2012 kan Reumofan Plus, sannan a 2022 kan Artri King, waɗanda ake sayarwa da sunan haɗin tsirrai alhali an ɓoye diclofenac da dexamethasone a ciki. Waɗannan suna kashe zafi da gaske, shi ya sa mai sha ke komawa. Amma shan su wata da watanni ba tare da awo ba yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana tayar da sukari, fuska ta kumbura har dangi su ce tsoho ya murmure.

NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, tana nan tun 1993, kuma tana ba magungunan gargajiya lamba. Ina so a wuce lamba. Duk kwalbar da za a sha, a rubuta abin da ke cikinta da Hausa, da boko da ajami. A riƙa sayen samfuri daga tashoshi da kasuwanni ana gwadawa, a karanta sakamakon da sunan maganin a gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin tallarsa. Masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda za su iya kai ka daji su nuna maka bishiyar, su ya kamata su fara neman a yi haka.